Haihuwar fari: kowa yana ba mu umarni, ba mai koya mana

Abban Jariri (Garin Malam):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan, ban taɓa sa baki ba sai yau. Allah ya ba mu ƙaruwa, mai ɗakina ta sauka yau kwana 12, namiji, kuma shi ne na fari gare mu duka biyu. An yi suna lafiya. Tana gidansu a Birni tana wanka, ni ina Garin Malam.

Ga abin da ya kawo ni. Ranar da za a sallame mu daga likita, sajifam, wato ungozomar likita, ta ce kada a ba yaro komai sai nono har wata 6, ko ruwa. Muna isa gida aka ɗura masa ruwa, washegari aka kawo bauri. Da na yi magana, tsohuwata ta ce ni ma da shi aka rene ni, ga kuma zafin Afrilu da ko babba ba ya awa ɗaya bai nemi randa ba. Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Na biyu shi ya fi damuna. Kullum wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare sai ta turo mini saƙo: yaro ya ƙi barci, nono yana mata zafi, tana jin kamar ba za ta iya ba. Jiya ta kira, ba ta ce komai ba sai kuka. Shekarunta 19. Da rana ɗakin cike yake da 'yan barka, amma ba wadda take iya tambaya, saboda kunyar ɗan fari. Ni kuma in na je iyakata zaure, a miƙo mini shi in gani, in mayar.

Malamin lakwal ne ni, 'ya'yan mutane nake koyarwa, amma ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake riƙe jariri. Wa ya kamata ya koya mana? Don Allah waɗanda suka riga mu, ku yi magana.

Maman Biyu (Karkada):
Barka da arziki, Malam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Zan dawo kan maganar kukan nan in na sallami yara, don na san ta.

Tanti Sajifam:
Barka, ɗana. Allah ya raya mana. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa kafin in huta, bari in fara da ruwa tunda shi ne rigimar kowane gida a wannan wata.

Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Wanda yake fara fitowa in yaro ya kama, tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishirwa. Mai kauri yana biyo baya, shi ke ƙosarwa. Cikin jariri a kwanakin nan bai wuce ƙwan kaza ba. In ka cika shi da ruwa, ba zai tsotsa sosai ba, in bai tsotsa ba kuma nonon yana raguwa, don tsotso ne ke kawo shi. Daga nan sai a ce uwa ba ta da nono, a ƙara ruwa, a sayo madarar gwangwani. Sannan ka duba ruwan da muke sha a Damagaram da bazara: famfo ya yanke, a sayo wajen 'yan garuwa, ya kwana a bido, ya koma randa, kowa ya tsoma moɗa. Cikinka ya saba, na ɗan kwana 12 bai saba ba. Zawo ɗaya ya isa ya zabge shi.

Mai jego za a ba ruwa, ta sha har ta ƙoshi, yaro kuma a sa shi a nono duk lokacin da ya nema, dare da rana. Sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya ba yawa ba ne. In yana jiƙa zane sau 6 ko fiye, ruwa ya ishe shi.

Zafin nono kuwa, galibi kamu ne ba daidai ba. Kada ya kama kan nono kaɗai. Ya buɗe baki sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono. Wannan a minti 10 ake nunawa, amma sai an zauna kusa da ita an nuna da hannu. A waya ba ya koyuwa.

Ɗan Kasuwar Dole:
Malam, barka. Amma gaskiya zan faɗa maka a matsayin yayanka. Kai naka rago, itace, gero, nama, sabulu. In ka sauke waɗannan ka gama. Jego harkar mata ce tun kaka da kakanni. Ka fara shiga tsakanin tsohuwarka da surukarka kan ruwan cokali ɗaya, za ka jawo wa kanka abin da zai fi shekara bai warware ba. Nawa 5 ne, ban taɓa sanin abin da ake ba su ba, ga su nan suna yawo.

Hajiya Kaka (jikata ke rubuta mini):
An karanta mini duk abin da kuka ce. Ni na haifi 9, na yi wa 'ya'yana da na maƙwabta wankan jego da ban san adadinsa ba. Ina so in tambayi 'yar'uwata sajifam. Lokacin da muke haihuwa, ba a likitar ba ne ake cewa a ba jariri ruwan sukari kafin nono ya kawo? Da kunnena na ji. Yanzu an canza magana. To, wa ya kira mu ya faɗa mana an canza, da dalilin canzawar? Yarinya ake faɗa wa, ita kaɗai, tana kwance cikin ciwo, ta dawo gida ta ce Inna an ce kaza. Yarinyar da jiya-jiya na yaye ta! Mu ne masu tashi tun asuba mu hura wuta, mu ne masu goya yaro ta samu barci, amma in an zo maganar ilimi sai a ce tsofaffi ke ɓata yara. Ba mai son jikansa ya cutu.

Tanti Sajifam:
Hajiya, gaskiyarki. An yi haka, ni ma na ba da ruwan sukarin nan da hannuna, don haka aka koya mana a lokacin. Daga baya aka gane dakashi, wato nonon farko mai rawaya da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin farko na yaro, kuma ɗan kaɗan ɗin nan ya ishe shi. Shi ya sa yanzu ake sa jariri a ƙirjin uwa cikin awa ta farko. Laifinmu ne da muka tsaya kan mai ciki a wajen awo, muka bar wadda za ta riƙe gidan kwana 40. A ɗakin haihuwa yarinya tana hannunmu kwana ɗaya ko biyu. Sauran duk a hannunku take.

Ɗan Matamai:
Yaya na kasuwar Dole, da girmamawa, ban yarda da kai ba. Ni ɗan makarantar mazaje ne a garinmu. Wannan tsari a nan jihar Damagaram aka fara shi wajen 2008 tare da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, kafin ya bazu zuwa sauran jihohi har wasu ƙasashe suka ɗauka. Ba aji ba ne mai allo da malami. Magidanta ne kamar 12, muna zama sau 2 a wata, wani lokaci da ma'aikacin likita ko liman, mu duba abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a likita, mu fita mu yi wa 'yan'uwanmu maza magana a majalisa da wajen suna. Dalilin kafa shi kuwa sananne ne: mace ba ta fita sai da izinin miji, kuɗin kabu-kabu yana aljihun miji. In jini ya ɓalle mata da tsakar dare, mijin da bai san wannan alamar haɗari ba ce zai ce a bari gari ya waye. Na ga inda aka bari gari ya waye.

Sai dai akwai giɓi, kuma Malam ya taɓo shi. Galibinmu magidanta ne da suka riga suka tara iyali. Angon bara, wanda ya fi kowa buƙata, kunya ba ta barinsa ya zauna cikinmu ya yi tambaya.

Ɗan Kasuwar Dole:
Maganar jini na yarda, wannan rai ne. Amma namiji ya zauna yana ƙirga fitsarin jariri?

Malam na Zangon:
Alhaji, ƙirga fitsari ba ya rage wa namiji komai. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara 2 cikakku, ita ce ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, kuma ta ce yaye sai da yardar su biyun da shawararsu. Ka ga uba yana cikin maganar nono tun daga Alƙur'ani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuma ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jinƙai ba a jinƙansa. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, tana da kyau inda take nuna ladabi ga iyaye. A ɓoye suna, a kawar da kai gaban surukai, ba laifi. Amma in ta kai uwa tana ciwo ba ta iya faɗa, ko uba bai san ɗansa ya ƙi nono ba, ta wuce inda aka ajiye ta.

Maman Biyu (Karkada):
Na dawo. Malam Abban Jariri, abin da zan faɗa ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mijina, shi ma bayan shekara 2.

Haihuwata ta fari ina da shekara 18. Kowa yana murna, an yi mini lalle, an cika ɗaki da turare da atamfofi, ni kuma ina jin kamar an rufe ni a rijiya. In yarinya ta yi kuka sai gabana ya faɗi. Ina kallonta ina jiran son nan da ake cewa uwa tana ji, ban ji ba, sai tsoro. Abinci ba ya shiga. Ko ta yi barci ni ba na yi. Da na gwada faɗa wa gwaggona ta ce in yi istigfari, wasu shekara 10 suna nema ba su samu ba. Daga ranar na kulle bakina. Da abin ya yi yawa aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Na sha, kuma ban raina addu'a ba, amma wata 4 na yi a haka. Abin da ya fara sauƙaƙa mini, wata maƙwabciya ce da take zuwa bayan azahar ta ɗauki yarinyar ta ce kwanta, ba ta tambayata komai. Wata rana ta ce, ni ma haka na yi a na fari. Kalmar nan kaɗai na ji kamar an sauke mini dutse.

Matarka da ta kira ka ta yi kuka, kai ta zaɓa cikin duk mutanen gidan. Kada ka ce mata ta yi haƙuri ka kashe waya. Ka saurara ko ba ta ce komai ba. Kuma ka nemo mace ɗaya, ɗaya tak, wadda ba ta jin kunyarta, ta riƙa kwana da ita.

Tanti Sajifam:
'Yata, Allah ya saka miki da alheri da kika faɗa. Ku bambance abu biyu. Akwai kuka da rashin sukuni da ke zuwa wa mata da yawa daga kwana na 3 zuwa na 5, saboda jiki yana juyawa ga rashin barci; wannan yana wucewa cikin mako 2. In ya zarce mako 2, ko ba ta ci, ba ta barci ko yaro ya yi barci, ko tana cewa gara ba ta raye, ko tana tsoron za ta cutar da yaron, wannan ciwo ne, yana da magani, a kai ta likita ba tare da jira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ba rashin godiya ba ne, ba raunin imani ba ne. Ɗana, taka tana kwana 12, ka sa ido sosai a kwanakin nan.

Manjo (Mirya):
Tunda an buɗe maganar jego, ni kunun kanwa ne damuwata. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, alhali ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta kwanta, tana tari da dare, ba ƙibar jego ba ce. Haka ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko masassara, ko jini mai yawa.

Jariri kuma: ya ƙi nono, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, jijjiga, tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, cibi ya yi ja ko yana ruwa. Ko ɗaya aka gani, a tafi a lokacin, ko ƙarfe nawa ne. Tun 2006 doka ta ce duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati. Na san sau da yawa magani yakan yanke a rubuto muku ku saya, amma kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da yaro a gida. Cibi kuma a bar shi a bushe da tsabta, ban da toka, ban da man goge haƙori. Maganar wanzami da cire beli, don Allah a bari.

Hajiya Kaka (jikata ke rubuta mini):
Manjo, kanwa na ji, za a rage. Dama ni ba na zuba ta da yawa. Amma wanka ba zan bari ba. Macen da ba ta yi wanka ba jikinta ba ya komawa.

Manjo (Mirya):
Hajiya, ban ce a bari ba. A yi da ganyen bedi kamar yadda kuka saba, a gasa mata jiki, tana jin daɗinsa. A dai surka ruwan, kada ya kai na ƙuna, kuma wadda aka yi wa aiki a jira ɗinki ya warke.

Baƙuwa a Sabon Gari:
Duk kuna maganar wadda take da gidan zuwa wanka. Ni 'yar Tanut ce, aure ya kawo ni, mahaifiyata ta rasu, mijina yana Aljeriya wajen bida lokacin da na haihu. Ɗakin haya, ni da jariri da 'yar ƙanwar mijina mai shekara 11. Ranar da na koma likita na tambayi wata ma'aikaciya me ya sa yaro yake yawan tumbuɗi, ta daka mini tsawa gaban mutane, wai lokacin da nake yin cikin ita na tambaya? Ban sake tambayar komai ba har na yaye shi. Na san ba duka suke haka ba, kuma na ga layin da ke gabanta ranar, ya fi mutum 50. Amma mai haihuwar fari in aka kunyata ta sau ɗaya, an rufe mata ƙofa ke nan. A waya na riƙa neman amsa, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, har da masu tallar haɗin ƙarin nono.

Tanti Sajifam:
Ba ni da abin kare wannan. Ki yafe mana, 'yata.

Ɗan Matamai:
Binciken ƙasa na 2012 ya nuna 'yan mata 76 cikin 100 a Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18. Ke nan masu haihuwar fari da yawa su ma ba su gama girma ba. Ga maza suna tafiya Libiya, Aljeriya, Kano, ko wajen zinariya a arewa. Tsarin da muka gada an gina shi ne a kan babban gida mai kaka da gwaggo da kishiyar uwa. Gidan haya mai ɗaki ɗaya ba shi da ko ɗaya cikinsu.

Maman Biyu (Karkada):
Ga kuma kuɗin da ake narkarwa ranar suna. Rago sunna ce ga mai hali, ban ce komai a kansa ba. Amma rumfa, kujeru, anko, mai kiɗa, abincin mutum 300, sannan kwana 10 bayan suna mai jego tana shan farau-farau don aljihu ya bushe. Da an raba kuɗin nan gida 2, rabi ya tafi ga hanta da ƙwai da wake da zogale na kwana 40.

Ɗan Kasuwar Dole:
Nan kam ba ni da ta cewa. A na farina bashin suna sai da ya kai ni wata 7.

Malama 'Yar Kwantaragi:
A ƙara da mu masu aiki. Hutun haihuwa mako 14 ne a doka, wani sashe kafin haihuwa. Ke nan kina komawa aiki yaro bai kai wata 3 ba, ana kuma ce miki nono zalla har wata 6. Ba wanda ya koya mini tatsa da ajiyewa, sai wata abokiyar aiki a bayan aji. Malam, ka kuma duba karnen yaro, wato katinsa na likita: an yi masa shaushawar tarin fuka da ɗigon shan inna na haihuwa? Sauran suna mako 6, 10 da 14, sai ƙyanda a wata 9. Takardar haihuwa ma ka bi ta yanzu kafin wa'adi ya wuce, kada sai zai shiga lakwal ka fara zaryar kotu.

Abban Jariri (Garin Malam):
Jama'a, kwana 3 ban leƙo ba, ga abin da ya faru. Ban tunkari kowa da gardama ba. Yayata na samu, ita ta je Birni ta kwana 2 a can. Ita ta gano kan nonon ya tsage har yana jini, yarinyar tana ɓoyewa. Shekaranjiya na ɗauki adaidaita, na ce wa tsohuwata da surukata ina roƙon su raka mu likita, don su ne za su fi gane bayanin. Na zauna a waje. Sun fi rabin awa a ciki. Yayata ta ce surukata ta yi tambaya ta fi 10, har ta sa sajifam ta sake nuna kamun nonon sau 2 don ta iya gyara mata a gida. An auna yaro, ya wuce nauyin haihuwarsa kaɗan.

Ruwa an daina, surukata da kanta take hana 'yan barka. Bauri kuwa tsohuwata ba ta sauka ba tukuna, ta ce za ta yi tunani, ni kuma ban matsa ba. Mai ɗakina ta yi barcin awa 4 a jere jiya, karo na farko. Kukan bai tafi duka ba. Na faɗa wa sajifam, ta ce mu dawo ranar Litinin, in bai ragu ba za ta haɗa mu da lokotoro. Kuma jiya da na je, surukata ta ce in shigo daga zaure. Na riƙe shi har ya yi barci a hannuna.

Hajiya Kaka (jikata ke rubuta mini):
Madalla. Tsohuwarka ka bar ni da ita, in ka yarda a ba ni kwatancen gidan ta akwatin jikata. Tsoho da tsoho sun fi jin maganar juna.

Tanti Sajifam:
Alhamdu lillahi. To ga abin da zan iya. Zaurena yana ɗaukar mutum 15. Duk Asabar bayan la'asar, masu cikin fari da masu jegon fari su zo, kowace da uwarta ko uwar mijinta. Wadda ba ta da kowa a gari ta zo ita kaɗai, ita ce ma ta fi cancanta. Ba kuɗi. Hajiya, ina so ki zauna kusa da ni, ke ki nuna goyo da wankan jariri, ni in nuna kamun nono. Baƙuwa ta Sabon Gari, ki zo ki taya ni karɓar waɗanda suke jin nauyin tambaya.

Baƙuwa a Sabon Gari:
Zan zo, Tanti. Akwai wata maƙwabciyata mai cikin wata 8, mijinta yana Agadas, zan taho da ita.

Ɗan Kasuwar Dole:
Ƙanena matarsa tana da ciki na fari. Mazan fa, ina za su zauna?

Malam na Zangon:
Ƙofar gidana, ranar Juma'a bayan isha'i. Ɗan Matamai, in za ka shigo gari ka sanar da mu. Alhaji, ka taho da ƙanen naka, tabarma kuma a kanka.